Na kalli shirin Netflix kan ɓatan Gabby Petito, ga yadda na ganshi

Sunan shirin American Murder: Gabby Petito, Netflix suka sake shi ranar 17 ga Fabrairu 2025, kashi uku ne kuma duka duka bai wuce awa biyu da ɗan wani abu ba, in ka zauna bayan isha'i kafin bacci ya ɗauke ka ka gama. Ga masu gaggawa bari in faɗa tun yanzu, ya cancanci kallo, amma fa abun da yafi ƙarfi a cikinsa ba masu shirin ne suka yi shi ba, kyamarar da ke maƙale a ƙirjin ɗan sanda ce ta ɗauka, abun da su kuma suka ƙara da hannunsu shine ya dinga ɓata min rai.

Wanda bai san labarin ba, Gabby yarinya ce 'yar shekara 22 daga Long Island a jihar New York, an yi musu baiko da wani Brian Laundrie ɗan shekara 23, suna zaune gidan iyayensa a North Port can Florida. Suka gyara wata ƙaramar farar mota ƙirar Ford Transit suka saka katifa da kayan girki a ciki, a farkon Yulin 2021 suka kama hanya zasu zaga gandun dajin Amurka tana ɗaukar bidiyo tana sawa a Instagram da YouTube, burinta kenan ta zama sananniya a wannan harkar ta masu rayuwa cikin mota. Ranar 1 ga Satumba sai ga Brian ya dawo Florida da motar shi kaɗai, ba Gabby ba labarinta, kuma ya ja bakinsa ya tsuke. Sai 11 ga wata uwarta ta kai cigiya wajen 'yan sanda, 19 ga wata aka tsinci gawarta a wani wajen kwana na matafiya da ake kira Spread Creek a jihar Wyoming, likitan da ya duba yace shaƙe ta akayi. Shi kuma gogan ya riga ya yi ɓatan dabo cikin wani daji mai fadama a Florida, sai 20 ga Oktoba aka samu ragowar gawarsa, ya harbe kansa, da wani ɗan littafi da ya rubuta cewa shi ya kashe ta. Wannan duk duniya ta sani tun 2021 zuwa farkon 2022, don haka ba wani abun ɓoye bane da zan ce na lalata muku kallo.

Kashin farko yana tafiya a hankali, iyayenta su huɗu suna magana (uwa da uba sun rabu kowa ya sake aure, amma wallahi yadda suka haɗa kai abun sha'awa ne), ana nuna hotunan yarinta da saƙonnin waya. Anan ne ƙawarta ta Florida take bada labarin yadda Brian ya taɓa ɗauke mata katin shaida don kawai kar su fita tare, ka ga irin kishin nan da tun ana cewa so ne har ya koma ɗaurin talala. Abun da na yaba shine guntayen bidiyon da Gabby bata taɓa sakawa a intanet ba, waɗanda ake yankewa a zubar. A wanda ta saka YouTube ranar 19 ga Agusta sai dariya da sumbata da rana na faɗuwa bayan duwatsu, a na bayan fage kuma zaka ga tana maimaita magana ɗaya tana satar kallonsa, fuskar nan ta sauya da zarar an gama ɗauka. Masu shirin sun yi dabara da suka jera su kusa da juna basu ce komai ba, mai kallo ya gani da idonsa.

Toh sai maganar Moab, wadda saboda ita kaɗai ma zan ce mutum ya kalla. Ranar 12 ga Agusta wani mutum ya kira lambar gaggawa a garin Moab na jihar Utah yace ya ga namiji yana marin mace a bakin wani kanti, sun shiga farar mota sun tafi. Ku riƙe wannan, namijin ne aka ce yana marin macen. 'Yan sanda suka tare motar kusa da ƙofar shiga gandun Arches bayan ta yi gudu ta daki gefen titi, aka fito da Gabby tana kuka kamar ranta zai fita, numfashi ma da ƙyar, kuma abun da ta fara yi shine ɗora wa kanta laifi, wai ita ce mai matsalar yawan son tsafta, ita ce ta cika ɓacin rai da safe, tana ta bada haƙuri. Shi kuwa Brian yana tsaye a natse da ɗan yaƙushi a fuska, yana murmushi yana hira da su kamar sun saba. Ta faɗa musu ya hana ta shiga motar, motar da take tata ce fa, ta kuma nuna yadda ya damƙi fuskarta da hannu. Amma da yake ta amsa cewa ita ma ta mare shi, sai lissafin ya juye, aka wayi gari ita ce mai laifi shi ne wanda aka zalunta, har ana tattauna ko a caje ta. Ƙarshe ɗan sandan ya tambaye ta ko da ta mare shi tayi niyyar ji masa ciwo, tace a'a, shikenan aka rubuta abun a matsayin damuwar ƙwaƙwalwa, aka kai shi otal ya kwana a kan gado, ita aka miƙa mata mukullin mota ta je ta nemi inda zata kwana ita kaɗai a garin da bata san kowa ba. Sati biyu bayan nan ta mutu.

Ni dai a wajen nan na tsayar da bidiyon na tashi na sha ruwa, don abun ya tsaya min a wuya. Ba wai 'yan sandan mugaye bane a fuska, a'a da fara'arsu da lallashinsu, kuma wannan ɗin ne ma abun tsoron, mutane ne masu ganin suna kyautatawa amma wanda yafi iya tsara magana shi suka gaskata, mai kuka kuma aka ɗauke ta mai rikici. Binciken da aka sa wani ɗan sanda daga wani gari yayi a Janairun 2022 ya ce sun yi kurakurai ba da gangan ba, ciki harda rashin ɗaukar bayanin wanda ya kira wayar. Iyayenta sun kai ƙarar 'yan sandan Moab suna neman dala miliyan 50, alƙali ya kori ƙarar a Nuwamban 2024 saboda dokar kariya da hukumomin gwamnati ke da ita a Utah. Abu ɗaya da ya fito mai amfani shine a 2023 jihar ta yi dokar da ta wajabta wa ɗan sanda ya yi wa mace wasu jerin tambayoyi don a auna ko rayuwarta na cikin haɗari in an kira shi rikicin masoya ko ma'aurata. Asalin bidiyon ya haura awa ɗaya kuma yana nan kyauta a intanet tun 2021, Netflix yankowa kawai suka yi suka ɗora kiɗa a ƙasa, kiɗan ma da sun bar shi da yafi.

Kashi na biyu da na uku sun fi gudu. Akwai saƙon nan na 27 ga Agusta da ya shigo wayar uwar daga lambar Gabby yana kiran kakanta da sunansa gatsal, abun da bata taɓa yi ba, nan uwar ta ji gabanta ya faɗi. Akwai yadda Brian ya dinga tura saƙo tsakanin wayarsa da tata bayan ta mutu don ace tana raye, ya kuma yi amfani da katin bankinta ya ci sama da dala 1,000 a hanyarsa ta komawa gida. Akwai tsohon saurayinta da yace ta kira shi 'yan kwanaki kafin nan tana cewa tana shirin rabuwa da Brian, wannan kam sabon abu ne a wajena. Sai iyayen Brian, waɗanda 'yan sanda suka ƙwanƙwasa musu ƙofa suka ce a yi magana da lauyansu, alhali iyayen yarinya na ta kira da tura saƙo ba amsa, har zuwa shaƙatawa suka yi da ɗan nasu a wani wajen kwana bakin ruwa a farkon Satumba. Da wasiƙar uwarsa mai rubutun a ƙone bayan an karanta, wadda a ciki take cewa ko gawa ce zata zo da shebur ta taya shi, ita dai tace tun kafin tafiyar ta rubuta kuma ba abun da take nufi kenan ba. A nan dole in yi adalci, ba a taɓa tuhumar iyayen da wani laifi a kotu ba, basu fito a shirin ba, lauyansu kuma yace ɓangare ɗaya aka nuna. Shirin bai wani damu ya jaddada wannan ba, yafi son ka tashi kana huci, kuma eh na tashi ina huci ɗin.

Yanzu ga inda muka raba gari da su. Sun ɗauki rubuce-rubucen Gabby na littafin sirrinta da saƙonninta, suka sa kwamfuta ta kwaikwayi muryarta da fasahar AI tana karantawa. Sun rubuta a allo a kashin farko cewa haka suka yi, kuma sun ce iyayen sun amince, toh amma haba jama'a. Yarinyar da labarinta gaba ɗaya shine wani ya dinga magana a madadinta, ya riƙe wayarta yana tura saƙo da sunanta bayan ya kashe ta, sai kuma kamfani ya zo ya sa mata murya a baki tana faɗin abun da ta rubuta don kanta ita kaɗai? Muryar ma bata zauna ba, a shimfiɗe take ba hawa ba sauka, kana ji kasan ba mutum bane, ga kuma muryarta ta gaskiya a bidiyo minti biyu kafin nan ka gwada. Uwar da kanta ta faɗa wa 'yan jarida cewa abun ya zo mata banbaraƙwai tunda sun san ainihin muryar 'yarsu. Da sun nuna rubutun hannunta a allo mu karanta, ko su ba ƙawarta ta karanta, ba abun da zai ragu.

Abu na biyu shine yadda suka shafa maganar kafafen yaɗa labarai sama-sama. Wanda ya bibiyi lamarin a lokacin yasan irin bidirin da akayi, motocin gidajen talabijin sun yi sansani a ƙofar gidan su Brian dare da rana, masu zanga-zanga da lasifika, 'yan TikTok kowa ya zama jami'in bincike yana zargin wanda ya ga dama, har wani mai shirin farautar masu laifi a talabijin, Dog the Bounty Hunter, ya taso da kyamarorinsa wai zai kamo shi, kuma duk da wannan idanun 'yan sandan North Port suka ga uwar Brian da hular hana-sallah suka ɗauka shi ne, alhali ya riga ya sulale. Gaskiya ne hayaniyar ta yi rana sau ɗaya, wasu ma'aurata masu YouTube sun duba tsohon bidiyon tafiyarsu suka ga farar motar a gefen hanya a Spread Creek, aka kuma samu gawar kusa da wajen. Shirin ya riƙe wannan ɗin da kyau yana nunawa, sauran ɓarnar kuma ya wuce ta da sauri, don shi ma ai a layin yake, shekara ɗaya kacal da rasuwarta tashar Lifetime ta fitar da fim a kanta, yanzu ga Netflix, kura da shan bugu gardi da kwasar kuɗi.

Sun dai taɓo zancen nan da 'yar jarida Gwen Ifill ta yi tun 2004, cewa in farar mace matashiya ta ɓata a Amurka talabijin kamar zasu haukace, in baƙa ce ko 'yar asalin ƙasar shiru kake ji. A jihar Wyoming ɗin da aka tsinci Gabby, wani rahoto da ya fito a farkon 2021 ya ce mutum 710 'yan asalin ƙabilun ƙasar aka kai cigiyarsu tsakanin 2011 da 2020, mafi yawansu mata, waye ya san sunan ko ɗaya daga ciki? Uban Gabby ya cancanci yabo a nan, don shi da kansa ya tsaya gaban 'yan jarida yace a ba sauran waɗanda suka ɓata irin wannan kulawar, gidauniyar da suka kafa da sunanta ma aikin da take yi kenan tare da taimakon matan da ake duka. Amma a shirin 'yan mintuna aka ba maganar can wajen ƙarshe, kamar dai an ce kar a ce bamu faɗa ba.

Ta fannin aiki kam ba laifi, hoto tas, an jera kwanakin yadda ba zaka ruɗe ba, ba a nuna gawa ko wani abun tada hankali na jini ba, sai dai akwai kuka da zagi nan da can da ɗan sumbace-sumbace na masoya, ba na zama da yara bane. Turancinsu na Amurka ne mai sauri musamman wajen 'yan sandan da iska ke kaɗawa, ku kunna rubutun ƙasa. In data ce matsala a sauke shi a waya da ƙaramin inganci, tunda rabinsa dama bidiyon waya ne da na kyamarar ƙirji ba abun da zaka rasa. Wadda ta taɓa zama da mai duka ko mai kulle ta yi hattara da wajen Moab ɗin nan, yana iya tado mata da abubuwa. Tauraro uku cikin biyar na bashi, ɗaya na cire saboda muryar kwamfutar, ɗayan kuma saboda mutum 710 ɗin da suka samu 'yan mintuna.