Wasiƙa daga Ingila: ciwon kan da ba a sa shi a layi

Yaya, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Kin sha jin ƙorafina kan asibitin ƙasar nan, yadda mutum zai yi makonni yana jiran ganin likita. To, na ga inda ba sa jira.

Maƙwabciyata, tsohuwar Baturiya mai shekara 72, ta yi kwana goma da wani ciwon kai da ba ta saba da shi ba, a gefen goshi. Na shiga gaishe ta, na tarar ta ajiye mataji, wai fatar kanta ba ta son taɓi, ko matashi ta ɗora kai sai ta ji zafi. Abinci kuwa, in ta fara tauna sai muƙamuƙinta ya gaji ya riƙe, sai ta huta sannan ta ci gaba. Da safen nan idonta na dama ya yi duhu na ɗan lokaci, ya dawo.

Ni na raka ta. Likitan na jin zancen taunar nan da na ido, ya miƙe zaune. Ya shafa jijiyar gefen goshinta, ta yi tauri kamar igiya, bugunta da ƙyar ake ji. Ya ce kumburin jijiyar jini ne, wanda ake kira cutar Horton, da sunan likitan Amurka da ya bayyana ta a 1932. Ba ta cika kama wanda bai kai 50 ba, ta fi kama mata, ta fi kuma yawa a Turawan arewa. Idan ta toshe jinin da ke zuwa ido, ganin da ya tafi da wuya ya dawo, ɗaya idon ma yana iya bi cikin kwanaki.

Abin da ya burge ni, ba su jira sakamako ba. A ranar aka fara mata maganin sitiroyid mai ƙarfi, aka ɗebi jini don gwajin ESR da CRP, masu nuna alamar kumburi a jiki, duka biyun sun hau. Washegari aka yi sikanin jijiyar, aka ga baƙin zobe kewaye da ita, alamar bangonta ya kumbura. Wani lokaci har ɗan guntun jijiyar suke yankowa su duba.

Na daɗe ina tunanin gida, Yaya. Da a wajenmu ne, ina tsoron a ce hawan jini ne ko zazzaɓi, a yi ta shan maganin ciwon kai har ido ya tafi. Alhali gwajin jinin nan muna da shi, maganin ma akwai. Sikanin ne kawai suka fi mu, sai kuma tambayar da likitan ya san zai yi.

Kin ce Inna na kukan kai da nauyin kafaɗu da safe. Don Allah ki tambaye ta ko tauna na gajiyar da ita, ko ganinta ya taɓa dushewa. In ta ce e, ki kai ta asibiti a ranar, ki faɗa wa likita waɗannan alamun da bakinki.