Dikodar kyauta, ta biyan wata, ko mai "saba": wacce za ka saya a Alaba?

Duk wanda ya shiga Alaba International, babbar kasuwar kayan lantarki ta Legas, neman dikoda, kafin ya kai layin masu kayan satalayit sai wani ɗan kamasho ya tare shi ya ce akwai wadda ke buɗe komai: ƙwallon Ingila, Gasar Zakarun Turai, fina-finai, duk ba biyan wata. In ka tsaya saurare zai ja ka wani shago a lungu, a kunna maka talabijin, ka ga wasa yana tafiya ras. A nan yawancin mutanenmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba suke rabuwa da kuɗinsu. Kayan da ke gabanka a kasuwar iri uku ne: dikodar tashoshin kyauta, dikodar kamfanonin da ake biya duk wata, sai wannan mai saba (server), wato wadda ke buɗe tashoshin biya ta hanyar kwamfutar wani a intanet. Ni dai ra'ayina a fili yake, ta kyauta nake sa mutane su saya, kuma zan faɗi dalili.

Dikodar kyauta ita ce wadda ke kamo tashoshin da masu su suka sake a sarari ba tare da kulle ba. Sau ɗaya za ka kashe kuɗi, a kan dikoda da kwano da waya da ladan mai saiti, shi ke nan. Ga Bahaushen da ke zaune a Legas, abin da ransa ya fi so yawanci a nan yake. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, kyauta ake kama ta a tauraron Eutelsat 16A. Tashar da ke nuna Harami na Makka dare da rana da 'yar uwarta ta Madina suna kan Nilesat da Arabsat, tare da tashoshin wa'azi na Hausa da na Larabci da Aljazeera. A Astra, digiri 28.2 gabas, akwai tarin tashoshin Gana na MultiTV waɗanda ƙaramin kwano ke kamawa ba wahala. Gidan da ke da tsohuwa mai son ganin ɗawafi, da yara masu son katun, da uwargida mai bin shirin dogon zango, wannan ya ishe shi, kuma ba ranar da za a wayi gari a ga saƙo a allo wai kuɗi ya ƙare.

Abin da za ka duba a jikinta ba shi da yawa. Ka tabbatar tana ɗauke da DVB-S2, wato tsarin karɓar siginar tauraro, kuma tana karanta tsarin hoto na HEVC, wanda ake rubutawa H.265. Tashoshi suna ta komawa wannan tsari, tsohuwar dikoda mai MPEG-2 ko MPEG-4 kaɗai sai ta ba ka murya babu hoto, ko ta ƙi ganin tashar gaba ɗaya. Ta kasance tana iya binciko tashoshi da kanta ba sai ka shigar mata da lambobi ba, domin tashoshi na yawan sauya mita, kuma ba kullum za ka kira mai saiti ba. In ka samu mai haɗe da T2, wadda ke karɓar eriya ma, ƙari ne. A sunaye kuwa, Strong ce ta daɗe tana riƙe da wannan kasuwa a Najeriya, har wasu duk dikodar kyauta Strong suke ce mata. Masu gyara sun san cikinta, rimot ɗinta ana samu a kowace unguwa, wannan kaɗai ya isa dalili.

Akwai sharaɗi ɗaya da ban taɓa sassautawa a kansa ba: ka sayi mai adafta a waje, mai karɓar bolt 12, ka bar wadda wayar wutarta ke shiga ciki kai tsaye. Wutar unguwarmu ta taɓa dawowa da ƙarfi cikin dare ta ƙone min dikoda mai allon wuta a ciki, mai gyara ya buɗe ya nuna min inda ya yi baƙi ƙirin, kuɗin gyara ya kusa kai na sabuwa. Mai adafta kuwa, in irin haka ta faru yawanci adaftar ce ke mutuwa, ka sayi wata ka ci gaba. Ga shi kuma tana aiki kai tsaye da batirin sola, ba ruwanka da inbata. A garin da ake canjin layi daga NEPA zuwa janareto sau da yawa a yini, wannan ya fi duk wani adon da aka rubuta a kwali muhimmanci.

Sai dai dikoda rabin magana ce, kwano shi ne sauran. Abin da ke ba baƙi daga Arewa mamaki shi ne kwanon da ya kama Nilesat a Kano ko Sakkwato ba lallai ya kama shi a Legas ba. Tauraron yana digiri 7 yamma, ƙarfinsa ya fi karkata ga Arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa, yana raguwa yayin da kake gangarowa kudu. A nan sai babban kwano, kamar mai mita 1.8 ko fiye, kuma duk da haka wasu tashoshin za su zo wasu su ƙi. Saboda Legas na kusa da tsakiyar duniya, kwanon Nilesat kusan sama yake kallo, don haka ruwa na iya taruwa a cikinsa. Kafin ka sayi komai, leƙa rufin maƙwabta ka ga girman nasu, ka tambaye su me suke kamawa da damina. Damina a Legas doguwa ce, kuma ruwa mai ƙarfi yana kashe sigina a Ku, zangon mitar da waɗannan tashoshi ke zuwa a kai, ko DStv ba ta tsira daga wannan ba. Kwanon da aka saita shi da kyar ranar da gari ya yi garau, hadari na haɗuwa zai ɗauke. Iskar teku kuma tana cin ƙarfe. A Ajah da Obalende da Ijora za ka ga kwanuka sun yi ja da tsatsa, ƙusoshinsu sun ƙi kwancewa. Ka nemi mai kauri, ka sa a shafa wa ƙusoshi giris, a naɗe mahaɗin waya da ke bakin LNB, na'urar da ke gaban kwano mai karɓar sigina, da tef don kada ruwa ya bi ta ciki. Waya ma ka sayi mai jan ƙarfe ta gaske. In kuɗinka ya gaza, gara ka rage a dikoda ka ƙara a kwano da mai saitin da ya zo da na'urar auna sigina, ba mai cewa a tsaya gaban talabijin a riƙa yi masa ihu yana kan rufi ba.

Na biyan wata ba sa buƙatar dogon bayani. DStv ce ke da ƙwallon Ingila ta hanyar SuperSport, tana da Africa Magic Hausa, hotonta da sabis ɗinta ba laifi, tsada ce matsalarta: a ƙarin Maris 2025 Compact ya koma naira 19,000 a wata, Premium 44,500. GOtv ƙanwarta ce mai eriya, ta dace da mai ɗaki ɗaya da mai gida ya hana shi kafa kwano. StarTimes tana da sauƙi, ana iya biyan ta na yini ko na mako, amma mai neman Firimiya ba wurinsa ba ne. FreeTV ta gwamnati da aka ƙaddamar a Legas a 2021, sai ka tambayi 'yan unguwarku ko tana kama musu.

Yanzu ga mai saba. Ya kamata mutum ya fahimci abin da ake sayar masa. Tashar biya a kulle take zuwa, katin da ke cikin dikodar kamfani shi ke fitar da mabuɗin, kuma mabuɗin na sauyawa bayan 'yan daƙiƙu, kamar goma. Sai wani a wata ƙasa ya sa kati ɗaya a na'ura, ya riƙa tura wannan mabuɗi ta intanet zuwa ɗaruruwan dikodoji. Manhajar da ake ɗora wa dikodarka, wadda za ka ji ana kira CCcam ko OSCam ko MGcamd, aikinta ta yi kamar akwai kati a ciki alhali babu. Shi ya sa ake sa mata sim ko a haɗa ta da wayarka. Wato kallonka ya rataya a kan abubuwa uku da ba ka da iko da ko ɗaya: netwok ɗin unguwarku, kwamfutar wani mutum da ba ka san sunansa ba, da haƙurin kamfanin da ake sata. Mabuɗi ya makara da daƙiƙa ɗaya, hoto ya daskare. Kuma yaushe yake makara? Lokacin da kowa ya kunna tasha ɗaya, wato ranar babban wasa. Da rana tsaka a shagon Alaba, lokacin da ba kowa a kan layin, dole ka ga tana gudu.

Kamfanonin ma ba barci suke yi ba. Yanzu suna ɗaure kati da dikodarsa ta yadda mabuɗin ba zai yi aiki a wata na'ura ba, kuma tashoshin HD nan suka fi komawa. Waɗanda suka daɗe a harkar sun tuna zamanin masu saba irin su Qsat da Azsky, yadda suka cika gidaje, sannan suka yi ta mutuwa suna farfaɗowa har aka watsar da su. Duk 'yan shekaru sai sabon suna ya fito da alƙawari iri ɗaya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, matsalar ita ce mai shago ba ya ce maka rariya ce.

Wani ɗan uwana mai gidan kallon ƙwallo a bayan kasuwar Agege ya ɗanɗana. An sayar masa da dikoda da lambar saba wai ta shekara biyu. Ranar wani wasan dare, benci ya cika, an karɓi kuɗin kowa, ana shirin buga fanareti hoto ya tsaya cak, ɗan wasa da ƙafa a sama. Matasa suka tashi, sai da ya mayar da kuɗi. Washegari ya kira wanda ya kai shi shagon, Bahaushe ne ma, sai ya ce masa: "Haba Alhaji, ka yi haƙuri, saba ce ta sauka, ba kai kaɗai ba ne. Ana kan gyara, zuwa jibi insha Allahu." Jibin ba ta zo ba. Da ya koma da kansa aka ce sai an yi wa dikodar sabon sofwaya, a biya. Bayan nan aka ce tsohuwar lambar ta daina, sai sabuwa, a biya. A rasit kuwa ba a rubuta komai game da saba ba, dikoda kawai aka rubuta, kuma dikodar tana kunnuwa lafiya. Wa zai kai ƙara, ya ce me?

Domin ba wurin kai ƙarar. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta haramta karya kullen fasaha da aka sa wa irin waɗannan shirye-shirye, da sayar da na'urar yin hakan, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta sha kai samame a kan masu wannan sana'a. Mai gidan kallo shi ya fi fitowa fili, tunda a bainar jama'a yake nunawa yana karɓar kuɗi. Batun halasci kuma kowa ya san hukuncin amfani da abin da mai shi bai yarda ba, ba sai na yi wa'azi ba. In ka lissafa kuɗin dikodar, da sabunta lamba, da datar da take sha, da kuɗin mota zuwa Ojo a wannan cunkoso na hanyar Badagry duk lokacin da ta tsaya, za ka ga arahar ta gudu. Mai son ƙwallo ya ajiye ta kyauta don gida, ya biya ƙaramin tsari a watannin da ake kakar wasa, ko ya taka zuwa gidan kallo da 'yan canjinsa.

Sauran magana a kan jabu, domin ita kanta dikodar kyautar ba ta tsira ba. Sunan da ya fi karɓuwa shi aka fi kwaikwaya, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya. Ɗauke ta a hannu: jabu ba ta da nauyi, robar rimot ɗinta sakwaf, rubutun jikinta wani lokaci a karkace. Ka sa a kunna ta a shago, a shiga inda ake nuna bayanin na'ura, ka gwada lambar da ke allo da ta ƙarƙashin dikodar da ta kwali. In ba su zo ɗaya ba, ajiye. Duba ƙusoshin baya, in sun goge an taɓa buɗe ta, wataƙila tsohuwa ce aka wanke aka sa a sabon kwali. Bar ta ta yi 'yan mintuna a kunne ka taɓa samanta ka ji zafinta. Jabu ta fi nuna halinta ranar da aka ɗora mata sofwayar kamfanin asali: sai ta tsaya a jar wuta ko ta maƙale a kan "boot", daga nan sai kwandon shara. Saboda haka kada ka bar kowa ya ɗora wa sabuwar dikodarka komai da sunan zai buɗe maka ƙarin tashoshi, ko da kyauta ya ce, domin garanti na tafiya a take.

Kuma ka tabbatar wadda aka gwada a gabanka ita za a sa maka a leda. Akwai masu cewa bari a kawo maka sabuwa dal daga sito, a dawo da kwali a liƙe, ka isa gida ka tarar da wata daban. Kada ka bi ɗan kamasho, kuɗinsa a kanka za a ɗora. Shiga shago mai lamba da suna, a rubuta maka lambar dikodar da kwanakin garanti a rasit, mai shago ya sa hannu. LNB ma akwai jabunsa, waya kuma akwai wadda aka yi wa fentin jan ƙarfe, cikinta baƙin ƙarfe ne ko alminiyam. Sa a yanke maka ɗan guntu ka kankare shi da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙasa ka nemi wata.