Zaɓen Babban Otal a Tafiyar Kasuwanci Zuwa Ƙasar Waje

Duk wanda ya tafi ƙasar waje domin ganawa da abokan ciniki, ko halartar baje koli, ko rattaba hannu a kan kwangila, abu biyu yake saye da kuɗin da zai biya babban otal: isasshen barci da kuma lokaci. A kan waɗannan biyun ya kamata a auna kowane masauki, domin ƙawar falo da kyawun tafkin ninkaya ba sa tsinana komai ga mutumin da zai fita da ƙarfe bakwai na safe, ba zai dawo ba sai bayan magariba.

Yawan taurarin da ake ba otal domin nuna darajarsa shi ne abin da ido ya fi saurin kamawa, amma ma'auni ne mai rauni, saboda babu wata hukuma guda da ke raba su a duniya. A Faransa hukumar Atout France ce ke tantance otal-otal, kuma tun 2010 ta ƙara wani matsayi mai suna Palace a saman taurari biyar. Ƙasashen Turai da dama, ciki har da Jamus da Austiriya, suna bin ma'aunin Hotelstars Union da aka kafa a 2009. A Amurka kuwa gwamnati ba ta shiga lamarin, sai masu zaman kansu irin su Forbes Travel Guide da AAA. Saboda haka otal mai taurari biyar a wani birni yana iya kasa mai huɗu a wani birnin.

Zaɓi na farko, wanda kuma na fi ba mai tafiyar kwana biyu zuwa biyar shawarar ya duba, shi ne otal ɗin manyan kamfanoni da aka gina domin 'yan kasuwa: Sheraton da Westin da JW Marriott na kamfanin Marriott, wanda ya haɗiye kamfanin otal-otal na Starwood a 2016, da Hilton da Conrad, da InterContinental da Crowne Plaza na IHG, da Grand Hyatt, da Sofitel da Pullman na Accor. Amfaninsu shi ne mutum ya san abin da zai tarar tun kafin ya sauka daga jirgi. Akwai teburin aiki a ɗaki, da ɗakunan taro, da wanki da guga da ake dawowa da su a yini guda, da ma'aikata a teburin karɓar baƙi dare da rana. Sannan kowane kwana yana tara maki a shirye-shiryensu, kamar Marriott Bonvoy da Hilton Honors da World of Hyatt, waɗanda kan kai mai yawan tafiya ga samun ɗaki mafi girma ko jinkirin fita ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Sama da su akwai otal-otal na alfarma zalla, irin su Four Seasons da Mandarin Oriental da St. Regis da Park Hyatt. Hidimarsu ta fi, babu musu, kuma idan a otal ɗin za a karɓi manyan baƙi ko a rufe ciniki mai nauyi, sunan wurin yana da tasirinsa. In ba haka ba, da wuya ƙarin kuɗin ya biya kansa. Ƙananan otal-otal masu zaman kansu kuma suna da daɗin zama da kulawa ta kusa, sai dai wasunsu ba su da ɗakin taro ko abinci a tsakar dare, don haka sai an tambaya. Wanda zai wuce mako guda ya duba gidajen haya masu hidimar otal, kamar Ascott da Fraser Suites da Marriott Executive Apartments, inda yawanci akwai kicin da wurin zama daban da ɗakin kwana, kuma farashin kwana yakan sauka idan zama ya yi tsawo.

Duk wannan bai kai muhimmancin wurin da otal ɗin yake ba, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. Mai zuwa baje kolin Canton a Guangzhou, wanda ake yi sau biyu a shekara, daga Afrilu da kuma daga Oktoba, idan ya sauka a unguwar Pazhou, inda Westin da Shangri-La suke dab da filin baje kolin, da ƙafa zai je ya dawo, har ya samu damar komawa ɗaki da rana ya ajiye samfurin kaya. Wanda ya kama ɗaki mafi kyau da araha a ɗaya gefen birnin zai biya bambancin da sa'o'in da zai ɓata a hanya kullum. Haka lamarin yake a Dubai: mai taro a World Trade Centre ya fi dacewa da otal-otal na bakin titin Sheikh Zayed kusa da tashar jirgin ƙasa, ba na tsibirin Palm Jumeirah ba, komai kyawunsu. A duba taswira a daidai sa'ar da za a fita da safe, domin nisan kilomita biyar da tsakar rana daban yake da na lokacin tafiya aiki. Kuma a sani cewa a makon babban baje koli, ko a Guangzhou ko a Frankfurt, farashin ɗakunan kusa yakan yi tashin gwauron zabi, su kuma ƙare da wuri, saboda haka wanda ya san ranar tafiyarsa ya kama ɗaki tun da sauran watanni.

Farashin da ake gani a shafin farko sau da yawa ba shi ne za a biya ba. A Singafo alamar ++ a gaban farashi tana nufin za a ƙara kashi 10 cikin ɗari na hidima da harajin kaya da ayyuka, wato GST, na kashi 9. A Dubai, ban da kuɗin hidima da na hukumar birni da harajin VAT na kashi 5, akwai kuɗin yawon buɗe ido na dirhami 20 a kowane dare a otal mai taurari biyar. Amsterdam tana karɓar kashi 12.5 na kuɗin ɗaki a matsayin harajin yawon buɗe ido tun 2024. Idan za a kwatanta otal biyu, a kwatanta jimillar ƙarshe, a kuma haɗa da karin kumallo, wanda a irin waɗannan wurare yake da tsada idan ba a cikin farashin yake ba. A nan ne ɗakin da ke ba da damar shiga falon manyan baƙi yake iya zama riba, domin akwai karin kumallo da abin taɓawa da yamma, ga wuri mai natsuwa da za a zauna da abokin ciniki.

Shafuka irin su Booking.com da Expedia suna da kyau wajen kwatanta farashi, amma yawancin manyan kamfanoni ba sa ba da maki ko alfarmar mamba ga ɗakin da aka kama ta can, kuma canza rana ya fi sauƙi idan kai tsaye aka yi da otal. Farashin da ba a mayar da kuɗinsa yana da rahusa, sai dai tarukan kasuwanci suna ɗaguwa, biza ma takan makara, don haka ƙarin da za a biya a kan farashin da ake iya sokewa ya cancanta.

Jirage da yawa suna sauka da asuba, alhali yawancin otal-otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe biyu ko uku na rana. Wanda ke da taro a ranar da ya iso ya biya daren da ya gabata, ya kuma rubuta wa otal ɗin cewa da safe zai iso, kada a soke masa ɗaki. A wajen shiga za a riƙe wani adadi a katinsa a matsayin jingina, kuma idan katin cirar kuɗi ne daga asusu, sakin kuɗin yana iya ɗaukar kwanaki bayan an fita. A wajen biya, idan na'ura ta tambayi kuɗin da za a caje shi da shi, ya zaɓi na ƙasar da yake ciki, domin canjin da na'urar ke yi yakan fi na banki tsada. Kafin ya miƙa makulli ya karɓi cikakken rasit da sunan kamfaninsa a kai, ya bi shi layi-layi yana tsaye a gaban tebur, inda gyaran kuskure ba ya wuce minti biyu.