Sinima, YouTube, Talabijin ko Shagon Turi: Ina Ya Kamata Kuɗin Kallonka Ya Tafi?

Tun da kasuwar faifan CD ta mutu, 'yan kasuwar fim na Ƙofar Wambai suka kama wasu sana'o'in, mutane da yawa sun ɗauka kallon fim ɗin Hausa ya zama kyauta. Ba haka ba ne. Kuɗin yana fita, sai dai ta wata ƙofa: data, kuɗin wata na dikoda, tikitin sinima, man janareta, ko 'yan nairorin da ake miƙa wa mai turi a bakin kasuwa. Tunda dai biya za a yi, gara mutum ya san abin da kowace hanya za ta ba shi kafin ya zura hannu a aljihu.

YouTube ce ta fi kowa jama'a yanzu, kuma ita zan fi daɗewa a kai. Daga wajajen 2020 manyan masu shirya fim suka karkata ga fim mai dogon zango, kowa da tasharsa: Labarina na Aminu Saira a Saira Movies, Izzar So na Lawan Ahmad a Bakori TV, sai saura suka biyo sahu. Ba ka biyan mai fim ko sisi kai tsaye. Tallan da ke katse maka kallo shi ne ke biyansa, kai kuma kamfanin layinka kake biya. A nan ne mutane ke asarar kuɗi ba su sani ba. Idan ka bar manhajar ta zaɓa maka ƙarfin hoto da kanta, duk lokacin da sabis ya yi kyau sai ta haura 720p ko fiye, kafin fitowa ɗaya ta ƙare an aiko maka saƙo cewa datarka ta kusa ƙarewa. Ka taɓa alamar saiti a saman hoton, ka mayar da shi 360p. A fuskar waya bambancin bai taka kara ya karya ba, sautin ma yana nan daram, kuma fim ɗin Hausa rabinsa magana ce. Wanda ke da haƙuri ya sayi datar dare, wadda ta fi araha, ya sauke fitowar a cikin manhajar idan tashar ta ba da dama, ya kalla da rana hankali kwance.

Abu ɗaya nake roƙo a nan: ka duba sunan tashar kafin ka danna. Akwai masu kwashe fim ɗin mutane su ɗora a tasu tashar, su manna hoton jaruma tana kuka da rubutun "sabon fitowa", ka shiga ka tarar da tsohon kashi ne aka yanka aka haɗa. Datarka ta tafi, wanda ya yi wahalar aikin bai samu komai ba.

Aibin YouTube a wurina shi ne jan labari. Tunda yawan fitowa ne ke kawo kuɗi, labarin da zai ƙare a zango biyu sai a kai shi biyar. Za ka ga mota ta shigo gida, maigadi ya buɗe ƙofa, ya rufe, direba ya zagayo ya buɗe wa Alhaji, an yi gaisuwa har da tambayar gajiya, minti uku sun wuce ba a ce komai ba. Duk da haka, idan maki zan ba ta bisa goma, takwas zan ba ta, don babu wata hanya da ta haɗa araha da yawan zaɓi kamarta. Ga iyaye kuma, a sani cewa ba duk abin da ke YouTube ne ya bi ta hannun masu tacewa ba. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a kan batun gabatar mata da su kafin a sake su, har da manya a ciki. Waya a hannun yaro tana bukatar ido.

Talabijin kuwa ta gidan da ake kallo tare ce. Arewa24 ta fara aiki a 2014, ana kama ta a DStv da GOtv da StarTimes, ana kuma samunta kyauta ta tauraron ɗan Adam. Ita ce ta saba wa mutane da jiran shiri mako-mako ta hanyar Daɗin Kowa. Ribarta a bayyane take: allo ɗaya ya ishi mutum goma, ba mai cewa datarsa ta ƙare, kuma maigida ya san abin da 'ya'yansa ke kallo. Matsalar ita ce lokaci ba naka ba ne. In an ɗauke wuta ana tsakiyar shiri, sai jiran maimaici. Gidan da ke da sola, wannan ce hanyar da zan fara ba su shawara. Wanda ke dogara da wutar gwamnati kaɗai, ya haɗa da wata hanyar.

Akwai manhajojin biya irin su Northflix da Kallo.ng, waɗanda aka yi su domin fina-finan Arewa. Ba talla, hoto tsaf, kuma kuɗinka ya fi kusa da aljihun mai fim. Amma ka tuna biya biyu za ka yi, kuɗin rijista da kuɗin data. Kada ka biya na wata guda saboda tallar fim ɗaya. Ka fara shiga ka ga abin da ke ciki, in ka ƙirga fim huɗu ko biyar da kake so da gaske, to ka biya. Netflix kuma ta mai son fina-finan Kudu da na Indiya da Koriya da Amurka ce. Mai neman fim ɗin Hausa zalla zai gama abin da ke ciki tun wata bai yi nisa ba.

Sai shagon turi, inda mafi yawan mutanen karkara da unguwanni ke samun fim. Yaro ne a zaune da kwamfuta a ɗan kes ko rumfa, wayoyin caji jere a bayansa, ka miƙa memori ko waya, ya tambaye ka "Hausa ko fassara?", cikin minti kaɗan ya cika maka. Babu abin da ya kai shi sauƙi, kuma ba ya bukatar sabis, shi ya sa ba zan raina wanda ke zuwa can ba. Nan ne ma babbar kasuwar Indiya-Hausa, irin fassarar da Algaita ta yi suna a kai. Sai dai abin da za ka samu sa'a ce. Wani lokaci an matse fim ɗin har fuskoki sun dishe, lambar wayar wani tana yawo a tsakiyar allo, ko a ba ka kashi na 7 da na 9 babu na 8. Wani lokaci ka koma gida da ƙwayar cutar waya a memori. Kafin ka bar shagon, ka buɗe kowane fayil, ka ja shi zuwa ƙarshe ka ga ko ya cika. Abin da ya fi damuna shi ne, in ba mai shagon yana da yarjejeniya da masu fim ba, ko kwabo ba ya komawa ga wanda ya ci bashi ya ɗauki aikin. Mai halin sayen data da ya zaɓi turi, shi ma yana da hannu a raguwar manyan fina-finan da yake kukan ba a yi yanzu. Maki biyar zan ba shi, kuma arahar ce ta ja masa su.

Sinima ta fi kowace tsada, in ka haɗa tikiti da kuɗin mota da ɗan abin taɓawa. Zamanin Plaza da Orion da Marhaba ya wuce, daga baya a Kano aka samu irin wadda aka taɓa buɗewa a cikin Ado Bayero Mall, mai kujeru da sanyi, wadda mutum zai iya zuwa da iyalinsa. Ba kowane fim ne ya cancanci wannan kuɗin ba. Fim ɗin falo da ɗakin kwana, waya ta ishe shi. Amma aikin da aka kashe wa dukiya wajen dawakai da fada da taron jama'a, irin Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, wanda Najeriya ta tura gasar Oscar a 2024, ƙaramin allo cin zalinsa yake yi. Irin wannan, ko lokacin bikin Sallah ne kawai, a je a gani a babban allo.

Saura tambayar wa za ka yarda da ra'ayinsa kafin ka biya. Yawan waɗanda suka kalli fim a YouTube ba shaidar kyau ba ne, dannawa kawai aka ƙirga, kuma tun 2021 YouTube ta daina nuna adadin waɗanda suka ce bai yi musu ba. Sharhin ƙasan bidiyo yawancinsa na masoyan jarumai ne, da masu gaishe da 'yan garinsu. Makin IMDb, shafin intanet da masu kallo ke ba fina-finai maki daga 1 zuwa 10, yana da amfani a fim ɗin waje da dubban mutane suka jefa wa ƙuri'a, amma a fim ɗin Kannywood da mutum ƙalilan suka ba maki, ba abin dogaro ba ne. Ni abin da nake bi shi ne sunan marubuci da darakta kafin sunan jarumi, sannan in tambayi wanda na san ɗanɗanonmu ɗaya, kuma ya kai ƙarshen zango, ba wanda ya ga fitowar farko jiya ba. In fim mai dogon zango ne, ka ba shi fitowa uku a 360p. Idan har a ta uku ba ka san abin da jarumin ke nema da abin da ya tare masa hanya ba, ka ajiye sauran datarka don wani.