Masu rubuta takardu a Tawa: teburin da "aro" ke iya komawa "kyauta"

A Tawa da wuya mutum ya isa gaban alƙali ko magajin gari da bakinsa kaɗai. Galibi sai da takarda, takardar kuma da Faransanci. Shi ya sa a kewayen kotu da meri, wato ofishin magajin gari, da sauran ofisoshi ba a rasa masu rubuta wa jama'a takardu, kuma iri biyu ne. Akwai dattijo mai tebur da benci a gindin bedi, da bik da fararen takardu, galibi wanda ya taɓa aikin gwamnati ko koyarwa a lakwal. Akwai kuma shagon samari mai kwamfuta da injin bugawa da na fotokofi. Aikinsu ya cancanci kuɗin da suke karɓa in mutum ya faɗa hannun gwani. In ya faɗa hannun mai gaggawa kuwa, da kuɗinsa zai sayi rigimar da za ta kai ga jikokinsa.

Kundin sake gina ƙasar Nijar da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki ne. A cikin watan ne kuma Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda a Yamai aka aza tubalinta a 1970. To amma takardar haihuwa, da ta shaidar ɗan ƙasa, da hukuncin kotu, duka da Faransanci suke fitowa. Manomin da ya taso daga Kalfu ko Bambai da matsalar gona, abin da ya faɗa da Hausa a bakin tebur ba shi ne hukuma za ta karanta ba. Za ta karanta abin da mai rubutu ya zaɓa ya sa a madadinsa.

Yadda aikin ke tafiya a wajen wanda ya iya: zai bar ka ka faɗi maganarka tun daga tushe ba tare da ya taɓa bik ba. Sannan ya tambaye ka wa za a aika wa, domin takardar da za ta je wa shugaban kotu dabam take da wadda za ta je wa magajin gari ko perefe, wato shugaban departama, kuma in an yi kuskuren muƙami a kai, tun a ƙofar sakatare ake maido ta. Sai ya nemi katinka na ɗan ƙasa ko takardar haihuwarka ya kwafi suna harafi da harafi. Ya rubuta, ya karanta maka da Hausa, ya gyara, kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. In takardar alkawari ce tsakanin mutum biyu, ko ta wakilci da ƴan cin rani ke bar wa ƴan'uwansu kafin su tafi Abijan ko Libiya, akwai sauran mataki ɗaya: a je meri ko kwamisariya, wato ofishin ƴan sanda, da kati a tabbatar da sa hannun, a manna tambur, a buga hatimi. Kuɗin tambur na gwamnati ne, an rubuta shi a jikinsa, kada a cakuɗa maka shi da ladan rubutu. Ladan rubutu kuwa ciniki ne, a yi shi kafin a fara. Fotokofi an saba da dala biyar kowane shafi.

Maganar gona ce ta fi kowace buƙatar kulawa, kuma a nan ake gane gwani. Bahaushe da kalma ɗaya yake cewa "na ba shi gona". Dokar karkara ta 1993, wadda a ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo tun daga matakin ƙauye har departama, takarda dabam-dabam ta tanada wa sayarwa, da kyauta, da aro, da haya, da jingina, da gonar da mutum ke riƙe da ita bisa al'ada. Mai gaggawa yana jin "na ba shi" sai ya rubuta "donné", kalmar da ke karkata ga kyauta, wato gonar ta fita daga hannunka ke nan. Gwani zai ajiye bik ya ce:

"Baba, da kac ce an ba shi, bayarwa ce har abada, ko shi noma shi maido?"

"Aro na, ɗana. Ubanai yaz zo yar roƙi ubana."

"An amshi kuɗi ko hatsi a hannunai?"

"Ko tamma ba a amsa ba. Sai dami guda da yaka kawowa in an yi girbi."

"Yaushe anka fara?"

"Zamanin Kunce, shekarar yunwa."

Tambayoyi uku ne kawai, amma su ne takardar. In da an karɓi kuɗi da sharaɗin gona za ta dawo ranar da aka biya, jingina ce. Tunda ba a karɓa ba, aro ne, kuma damin nan da ake kawowa kowace kaka shi ne shaidar cewa mai noma ya san gonar ba tasa ba ce, don haka wajibi ne ya shiga cikin takarda. Zamanin Kunce, wato mulkin shugaba Seyni Kunce, ya kama daga 1974 zuwa 1987, yunwar da aka fi tunawa a tsakiyarsa ta 1984 ce, amma gwani ba ya yanke shekara da kansa. Zai ƙara tambaya, wane ɗa aka haifa a lokacin, wane maigari ne a kan gado, har a samu abin da shaidu za su iya tsayawa a kai. Kuma shi ne zai gaya wa dattijon gaskiya cewa rigimar gona a gaban maigari ko sarki ake fara ta, a nemi sulhu, a rubuta takardar an sasanta ko ba a sasanta ba, sannan kotu ta saurara. Mai son kuɗi ba ya faɗin wannan. Sai ya rubuta ƙara ya karɓi ladansa, a kora tsoho gida.

Sai lissafin kuɗi. Baki da dala yake ƙirgawa, takarda kuwa da tamma, dala ɗaya kuma tamma biyar ce. "Ɗari" a kasuwa 500 ce a rubuce. Jika ɗaya, wato dala ɗari biyu, 1.000 ce. In mai bin bashi ya ce "dubu goma" yana nufin dala, mai rubutu ya sa 10.000, an cinye masa kashi huɗu cikin biyar, domin 50.000 yake bi. A nemi mai rubutu ya maimaita adadin da jika, kuma ya rubuta shi sau biyu, da lamba da kalmomi. Haka bashin hatsi: a rubuta tiya nawa ko buhu nawa, a faɗi ko gero ne ko dawa ko wake. "Buhu" kaɗai ba ya wadatarwa, tunda akwai na kilo 50 akwai na kilo 100.

Sunaye wata matsala ce mai cin rai, kuma a nan shagunan kwamfuta sun fi yin kuskure saboda saurin hannu. Sunan da uwa ta sani Sha'aibu ne, a takarda "Chaibou". Yusufu ya zama "Issoufou", Usumanu "Ousmane", Cima "Tchima", garin Tawa kansa "Tahoua", Madawa "Madaoua". Suna ɗaya yana iya fitowa da rubutu uku: "Mahamadou", "Mamadou", "Mohamed". A wajen hukuma waɗannan mutum uku ne. Yaron da takardar haihuwarsa ta ce wani abu, takardar jarrabawarsa ta ce wani, zai sha wahala ranar neman aiki ko fasfo, gyaran suna a takardar haihuwa kuwa sai an bi ta kotu. Don haka ba a faɗa wa mai rubutu suna da baki. A miƙa masa takarda ya kwafa, ko da rubutun da ke ciki bai yi maka daɗi ba, a kuma duba bai juya sunanka da na mahaifinka ba. Wanda takardarsa ta ce "né vers", wato an haife shi wajejen shekara kaza, a bar ta haka, kada a ƙirƙira masa rana da wata don takarda ta yi kyan gani.

Akwai kalmomin da nauyinsu ke ninkuwa in sun tsallaka zuwa Faransanci, kuma wannan ne wurin da ya kamata a fi jin tsoro. Mace ta ce ƙanen mijinta "ya ci amanata" a kan tumakin da ta ba shi kiwo. A Hausa kuka ne na zumunci, abin da take so a kira shi a ja masa kunne ya maido mata dabbobinta. Mai rubutu da ke son takarda ta yi zafi sai ya sa "abus de confiance". Wannan sunan laifi ne a dokar hukunta laifuka, mai kai mutum gidan kaso. "Ya cuce ni" in ta koma "escroquerie", zamba ke nan cikin aminci, ita ma laifi. Takardar da ta je jandarmeri ko wajen mai gabatar da ƙara da waɗannan kalmomi ba ta dawowa da sauƙi, ko da an sasanta a gida daga baya, kuma wanda ya yi ƙarar ƙarya shi ma doka na iya hawa kansa. Dattawan gindin bedi sun fi samari lura da wannan. Za ka ji ɗayansu yana cewa, "Inna, so kike a kulle shi, ko so kike shi biya ki?" Amsarta ce ke nuna ofishin da za a rubuta wa da kalmar da za a sa.

Ta fuskar shawo kan mai karatu, dole a yaba musu. Bahaushe in zai roƙi babba, da gaisuwa yake farawa, da "ranka ya daɗe", ya kawo tarihin kakanni, ya jefa karin magana, buƙatar kuma ta zo a ƙarshe cikin kunya. A gaban sarki wannan yana aiki, domin sarki ya san gidajen da ake ambata. Takardar ofis tana da nata ladabin, mai farawa da "J'ai l'honneur de solliciter", wato ina mai girmamawa da neman alfarma, amma bayan wannan layin abin da ke motsa ma'aikaci shi ne batun takarda a layi ɗaya tun daga sama, da ranaku, da adadi, da jerin takardun da aka haɗa, duka a shafi ɗaya. Gwani yana ɗaukar bayanin rabin awa ya maido shi sakin layi uku ba tare da ya zubar da hujja ba. Abin da ke zubewa shi ne muryar mai maganar. Tsohon da ya yi bayani da ƙarfin zuciya irin na mai gaskiya, a takarda sai ya fito yana roƙon alfarma a kan abin da yake haƙƙinsa. In haƙƙi ne, a ce wa mai rubutu ya sa kalmar nema, ya rage ta roƙo. Faransanci yana da duka biyun.

Shagunan kwamfuta suna da nasu amfani. Rubutun yana fita tsaf, gyara ba ya buƙatar a sake daga farko, ana iya buga kofi uku nan take, ɗaya a kai ofis, ɗaya a sa hatimin karɓa a dawo da shi, ɗaya a ajiye a gida. Don takardun neman aiki da na shiga gasar ɗaukar ma'aikata sun fi dacewa, kuma sun san jerin abin da ake nema, har su tuna maka cewa takardar shaidar rashin laifi wata uku take yi ta mutu, kada a fara da ita. Aibinsu shi ne tsohuwar takardar wani suke buɗewa su canza suna. Sau da yawa kwanan watan wancan, ko garinsa, ko "Madame" a wurin "Monsieur" yana maƙalewa a tsakiya. Banda haka, sirrin mutane yana zaune a kwamfutar da kowa ke taɓawa. Wanda maganarsa ta saki ce ko gado, ya nemi a goge ta a gabansa bayan an buga. A teburin waje kuma matsalar kunnuwa ce: benci ɗaya ne, na kusa da kai yana jin komai. Da sassafe kafin layi ya taru ya fi, musamman Litinin, sannan a watannin zafi ɗaukewar wuta tana iya tsayar da shago ana tsakiyar aiki.

Babban giɓin da ke cikin wannan sana'a shi ne da wuya a samu mai buga takarda da Hausa. An tsara ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar tun 1999, da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, makarantun gwaji masu koyarwa da Hausa kuma tun 1973 aka fara su a Damagaram. Duk da haka allon kwamfutar shagunan na Faransanci ne, babu haruffa masu lanƙwasa, sai "ƙasa" ta fito "kasa", "ɗaki" ya fito "daki". Gyaran ba shi da tsada, tunda wayar hannu ma tana da allon Hausa, ana iya rubutawa a can a tura wa kwamfuta. Takardar bashi ko ta aron gona tsakanin mutum biyu ba abin da ya hana a haɗa ta da fassarar Hausa a shafi na biyu, kowa ya sa hannu a duka biyun, ta yadda ɗan da ya yi karatun yaƙi da jahilci zai iya karanta wa ubansa a gida. Kafin a samu shagon da zai fara haka, wanda zai je ya tafi da wani nasa mai jin Faransanci, ko ɗan kwaleji ne, ya sake karanta takardar da Hausa a gefe, ba a gaban mai rubutu ba. In fassarar biyu ta saɓa a kan kalma ɗaya, a koma tebur kafin a sayi tambur.