Sitiriyon 1973 ko Sautin Kewaye na 2003: Wanne Ya Fi a Faifan Pink Floyd?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi kayan sauti masu sifika biyar da wufa ɗaya (sifikar da ke fitar da sauti mai kauri), kana tambaya ko ka nemi faifan The Dark Side of the Moon na ƙungiyar makaɗan Ingila Pink Floyd wanda aka sake haɗa wa sautin kewaye, ko tsohon sitiriyon, mai sifikar hagu da dama, da ka saba da shi ya wadatar. Na saurari duka biyun a ɗaki ɗaya, dare ɗaya, wannan na bin wancan, kowanne kusan minti 43. Amsata ita ce babu wanda ya cinye faifan duka. Waƙa-waƙa suka raba shi.

Sitiriyon shi ne ya fito a watan Maris na 1973, bayan an naɗi faifan a situdiyon Abbey Road da ke Landan, Alan Parsons yana injiniyan sauti. Na kewayen kuma injiniyan sauti James Guthrie ne ya haɗa shi a 2003, lokacin cikar faifan shekara 30, ya koma kan tef ɗin asali ya rarraba sautin: sifika uku a gaba, biyu a baya, wufa na ɗaukar nauyin ƙasa. Wannan shi ne ake kira 5.1. Kada wani ya ce maka an ɓata tsohon aiki da kayan zamani. Tun 1967 ƴan ƙungiyar nan suke zagaye masu kallo da sifika a wajen wasa, kuma Parsons kansa ya yi wa faifan haɗi mai sifika huɗu tun zamanin fitowarsa. Kewayen ba baƙo ba ne a gidan.

Inda na kewayen ya yi wa sitiriyo fintinkau shi ne duk wurin da ba kiɗa ake yi ba, ƙarar abubuwa ake ji. Ɗauki farkon waƙar "Time". A sitiriyo agogunan nan suna fashewa da ƙara gaba ɗaya a gabanka, dunƙule ɗaya, ka zabura, shi ke nan. A 5.1 kuwa sai ka ji kamar an zaunar da kai tsakiyar shagon mai gyaran agogo: wannan yana bugawa can gefe, wancan yana kaɗa ƙararrawa a bayan ƙeyarka, kowanne da muryarsa. Ba mamaki, domin Parsons ya naɗi agogunan ne a wani shagon tsofaffin kaya don gwajin sauti mai sifika huɗu, daga baya suka shiga waƙar. Haka "On the Run", da takun mai gudu da kukan na'urar nan mai maimaita kanta. A sitiriyo suna kai-komo tsakanin hagu da dama. A na kewayen ɗakin kansa ne yake juyawa. Sulalla da injin kuɗin kanti na farkon "Money" ma haka, ana jin kowace ƙara daban. Sau biyu na mayar da wurin baya.

To amma da makaɗan suka shigo gaba ɗaya sai ra'ayina ya juya. A sitiriyo ganga da jitar bas da jitar David Gilmour a matse suke wuri guda, suna dukan ƙirji tare kamar mutum ɗaya. Da aka ba kowa fili a 5.1, komai ya fito tas, ka ji kayan kiɗan da a da suke ɓoye a bayan wasu, sai dai wannan dunƙulewar ta ɗan sassauta. Kamar tuwo ne da aka yanka maka loma-loma: ba abin da ya ragu, amma ba haka ka san shi ba. A "The Great Gig in the Sky" ma sitiriyon na zaɓa. Muryar Clare Torry ba ta bukatar kewaye, ita kaɗai ta cika ɗaki. A yi wa Guthrie adalci, bai yi ta wurga kayan kiɗa baya don burga ba, yawancin waƙa da kiɗa suna nan gaba inda kunne ya san su.

Akwai na uku, haɗin Dolby Atmos na 2023, na cikar shekara 50, wanda ya ƙara da sauti daga sama. Da iyafis kawai na ji shi, kuma a nan dabara ce ake yi wa kunne da sifika biyu, ba kewaye na gaske ba. Ya fi sitiriyo faɗi, amma agogon bai taɓa zuwa bayana ba.

Kafin ka kashe kuɗinka, duba abu biyu. Na farko, in ka jera sifikun nan biyar a kan teburin talabijin kamar yadda ake yi a falo da yawa, ba za ka ji bambancin komai ba. Biyun baya dole su koma gefenka, su ɗan wuce kafaɗarka ta baya, kai kuma ka zauna a tsakiya. Na biyu, in daga waya kake tura waƙar ta Bluetooth, layi biyu kawai ke isa, na'urarka ce take baza su a sifika biyar. Ainihin 5.1 ɗin yana kan faifan SACD (wani nau'in CD na musamman) na 2003 ko kan Blu-ray, kuma sai da na'urar da ke karanta su.

In ka samu, kashe fanka na ɗan lokaci. Faifan da bugun zuciya yake farawa, a hankali ƙwarai, ta cikin wufa, kuma ni a sauraron farko iskar fanka ce ta cinye min shi.