Sati guda ina jin waƙoƙin Mother India

Wallahi ban zaci waƙoƙin fim ɗin 1957 za su kama ni haka ba. Ƙanina ne ya tura min su a waya, yau sati guda kenan kullum bayan isha'i sai na sa iyafis na kwanta ina ji. Fim ɗin dai tun ina yarinya na kalle shi a bidiyon maƙwabta, mun cika ɗaki maƙil kan tabarma, amma lokacin hankalina na kan rashin jin yaron nan Birju ne kawai, ban san kiɗan ne ke sa manya share hawaye ba.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce Duniya Mein Hum Aaye Hain, inda Nargis, wadda ta fito a uwar Birju, ke jan garma da kafaɗarta saboda bashin Sukhilala mai ba da rance da ruwa ya cinye komai, miji ya tafi, yara ƙanana suna turawa ta baya. Lata Mangeshkar ce ta rera, ƙannenta Meena da Usha suna mata amshi, kuma amshin nan shi ne ke karya min zuciya, kamar yara na cewa uwarsu kar ki faɗi muna nan. Ni ba Indiyanci nake ji ba in banda ɗan abin da muka tsinta a finafinai, amma ko babu hoto kana jin matar nan ta gaji kuma ba za ta tsaya ba. Naushad da ya haɗa kiɗan fim ɗin ya san aikinsa gaskiya, bai cika kayan kiɗa ba, ya bar murya ta ɗauki nauyin.

Sai waƙar kai amarya ta Shamshad Begum, Pi Ke Ghar Aaj, ita kam ranar kai yayata ɗakin miji ta tuno min, muna mota kowa na kuka har da masu guɗa.

Waƙar bikin Holi ba ta dame ni ba, tsallake ta nake. Kuma kwafin da na samu akwai ɗan shuuu a ƙasan sautin, in ka ƙara murya yana fitowa sosai, gara iyafis da sifika.

Jiya na sa wa mahaifiyata kunne ɗaya, tana tsinke zogale, waƙar garmar na farawa ta ajiye tiren tace min mayar da ita farko.